Kujerar Khala Zainaba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci wasan kujeru ba, ko da ina son in manta, don mutanen unguwarmu, Bani Malik, ba su ba ni dama ba. Shekaru sun ja, haƙora sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, sunan jika ma sai na bi layi na kira uku kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma wannan rana tana nan daram a kaina, har ƙamshin turaren wutan da aka sa ina ji.

Yanzu kowa ya iya faɗar kalmar. In aka ɗauke shugaban wannan ofis aka kai wancan, aka ɗauko na wancan aka kawo wannan, sai ka ji maza a bakin shago suna cewa ai wasan kujeru ne kawai, fuskokin su ne dai, wurin zaman ne ya canja. In mutum biyar suna zagaye rumfa huɗu a kasuwa, wasan kujeru. In limami ya tsufa na'ibai suka fara rige-rigen sahun gaba, wasan kujeru. Suna faɗa suna kurɓar shayi kamar da kalmar aka haife su. To ni na san ranar da ta shigo unguwarmu, domin ni na shigo da ita, kuma ba da baki ba.

A Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai yi aikin hajji, ya yi, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, har yau dai muna hutawar. A farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in ina aikin farrasha a wata makarantar firamare ta 'yan mata a unguwar Sharafiyya. Farrasha ita ce mai shara da goge allo da cika randunan ruwa da kai takarda daga wannan aji zuwa wancan, da raba faɗa in malama ta fita. Mu huɗu ne. Makarantar tsohon gida ne mai hawa uku da aka kama haya, matakalarsa arba'in da biyu (na ƙirga, shekara goma sha ɗaya ina ƙirgawa, ba ta taɓa raguwa ba). Wanda ya san zafin Jidda, irin wanda iska ke manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zane, ya san abin da ake nufi da hawa bene da tulu a ka. Gwiwoyina har magana suke yi in na durƙusa.

Mu uku muke wannan hawa da sauka. Ta huɗunmu ba ta hawa ko'ina. Khala Zainaba ke nan (khala, wato inna, haka kowa ke kiranta), tsohuwa 'yar ƙarama mai ɗan doro, wadda ta kusa saba'in. Ita ce farrashar ofis. Aikinta ta dafa wa Abla Mudira, shugabar makaranta, shayi da gahawa, ta kaɗa ƙararrawa, ta shigar da baƙi. Kuma tana da kujera. A duk cikinmu ita kaɗai ke da wurin zama a ginin nan, a bakin ƙofar ofis, daidai inda iskar fankar Mudira ke fitowa in an bar ƙofa a buɗe. Kujerar katako ce baƙa, mai hannuwa biyu, mazauninta saƙar khaizaran, irin siraran zaren goran nan. Ba wata kyakkyawa ba ce, amma in na sauko daga hawa na uku gumi na shiga mini ido, na hango ta, sai in ji kamar in yi kuka. Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne Khala ba ta iya zama a kanta ba. Kullum a ɗan gefe take ɗosana jiki, kamar baƙuwa a gidan surukai. Nakan ce a raina, dubi yadda Allah ke ba da kujera ga wanda bai san darajarta ba.

Ana saura wata biyu a yi hutun ƙarshen shekara labari ya fito cewa Khala za ta ajiye aiki, ɗanta zai ɗauke ta su koma Madina. Na yi mata fatan alheri da baki, zuciyata kuwa tana can tana guɗa. Cikin mu uku, ɗaya ba ta daɗe da zuwa ba, ba ta cikin lissafi. Saura ni da Hauwa.

Hauwa Bahaushiyar Sudan ce, doguwa, mai tafiya a hankali cikin tob ɗinta, dogon lulluɓin matan Sudan, kamar ba ta da inda za ta. Ba ta da hayaniya, ba ta gulma, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ne ya sa na tabbata makira ce. (Haka kaina yake aiki a lokacin. In mutum ya yi mini faɗa, maƙiyi ne. In bai yi ba, munafuki ne.) Na shiga kamfe. Na fara goge ƙofar ofis sau biyu a rana. Na koyi soya gahawa yadda Mudira ke so, fara-fara da hel mai yawa, 'ya'yan ƙamshin nan da ake sa mata. In na ji takunta sai in ɗauki abu mai nauyi in wuce ta gabanta ina nishi. Da na gaji da jira na tambaye ta kai tsaye, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Bayan hafla, in sha Allah. Za mu gani.” Hafla ita ce walimar rufe makaranta.

Ni kuwa “za mu gani” ɗin nan na ɗauke ta na kai gida a matsayin takardar kama aiki. Na gaya wa matan layinmu duka. Na gaya wa mai kawo mana ruwa. Kuma, Allah ya yafe mini, wata rana da Khala ta shiga sallah na lallaɓa na auna kujerar da taƙi, biyu da rabi a faɗi, biyu a zurfi, na je na ɗinka mata matashi. Koren karan-miski, da tuntaye a kusurwa huɗu. Baban yara, wanda ke sana'ar tsire, ya dawo ya tarar da ni ina cusa auduga.

“Wannan fa?”

“Na kujerata ne.”

“An ba ki?”

“Halas, magana ta ƙare, sanarwa kawai ta rage.”

Ya daɗe yana kallon matashin, sannan ya ce, “To Allah ya sa girmanku ɗaya da ita.” Na yi banza da shi. Mutumin da ke wuni a tsaye gaban wuta me ya sani game da kujera?

Ranar hafla aka share tsakar gidan makarantar, aka ɗaura rumfar tamfol, aka shimfiɗa dardumai. Iyaye mata suka cika wuri, kowa ta tuɓe abaya a bakin ƙofa ta fito da gwala-gwalanta. Akwai Larabawa, akwai 'yan Yaman, akwai namu na Bani Malik sun kai goma, waɗanda ni da bakina na ce su zo su ga yadda ake ji da ni. Namiji ko ɗaya babu. Bawwab, dattijon da ke mana gadi, yana can waje a kan bencinsa, don a makarantar mata ko inuwarsa ba ta ƙetare zaure. In akwai saƙo sai dai ya ƙwanƙwasa a miƙa hannu a karɓa.

Aka yi karatu, aka raba kyaututtuka, aka sha sharbat. Sai Abla Su'ad, wata malama 'yar Masar mai fara'a da ƙaton murya, ta ce akwai wasan da ta zo da shi daga garinsu, sunansa lu'ubatul karasi, wato wasan kujeru. Ba mu taɓa gani ba. Aka jera kujeru tara baya da baya, aka fito da yara goma. Ita tana buga mandiri, su suna zagayawa. Da ta tsaya, kowa ta nemi kujera, wadda ta rasa ta fita, a cire kujera ɗaya a sake. To wa aka sa cire kujerun? Ni.

Saboda haka na kalli wasan nan daga kusa, kuma na kalle shi da idon mai neman ilimi. Na lura yarinyar da ke waiwayen ƙawarta ita ke fara fita. Na lura mai jin kunyar gogar kafaɗa ba ta wuce zagaye na uku. Na kuma lura da abin da ba wanda ya lura: kafin Abla Su'ad ta tsayar da mandiri, sai kafaɗarta ta dama ta ɗan ɗaga. Na ce a raina, ashe duniyar ce gaba ɗaya aka kawo tsakar gida. Kujeru ba sa isa, kiɗa ba a hannunka yake ba, mai kunya shi ke tashi a tsaye. Ina ɗaukar kujera ina gyaɗa kai kamar wadda ta gano wani babban sirri.

Da yara suka gama, Mudira ta miƙe ta tafa hannu tana murmushi.

“Yalla, saura manya! Iyaye huɗu, da farrashat ɗinmu duka. Khala Zainaba, har ke, yau ranarki ta ƙarshe ce, ba za ki tsere mana ba.”

Aka yi ta dariya, Khala tana noƙewa ana jan hannunta. Sannan Mudira ta juya ta ce wa wata malama a ɗauko kujerar bakin ofis a sa a layi. Ina tsaye na ga an fito da ita, an ratso da ita ta cikin mutane, an ajiye ta a tsakiya. Daga nan hankalina ya yi sallama da ni ya fita ta zaure.

Duk mai ido a wurin ya gane abin da ake shiryawa. Tsohuwa za ta bar aiki, an fito da kujerarta, an sa ta a wasa. A kan teburin Mudira ga wani ƙunshi da aka naɗe da takarda mai ƙyalli, ga kwalbar ruwan wardi a gefe. Yarinya 'yar aji ɗaya ma ta san wadda za ta ci. Ni kaɗai na kalli wannan duka na karanta shi daban: Mudira ta ce za mu gani bayan hafla, ga hafla, ga kujera, ga ni ga Hauwa. Wato gwaji ne. Ana son a ga mai zafin nama. Na gyara ɗaurin zanena, na tuɓe takalma.

Wasan manya ba irin na yara ba ne, kuma da ina da hankali da zagayen farko ya ishe ni darasi. Matan Jidda ba su iya rige-rigen zama ba, rige-rigen bayarwa suka iya. Mandiri na tsayawa, mata biyu suka isa kujera ɗaya, sai suka tsaya a kanta.

“Atfaddali, zauna.”

“La wallah, ke za ki zauna.”

“Wallahi ba zan zauna kina tsaye ba!”

“Na riga ki rantsuwa, ya ukhti!”

Sai da Mudira ta shiga tsakani ta raba su, wadda ta yi nasarar rasa kujera ta fita tana taƙama ana yi mata tafi. Ni kuwa tuni na daɗe a zaune, na riƙe hannuwan kujera gam, ina kallonsu ina cewa a raina, ku yi ta yi.

Haka aka yi ta tafiya. Kowane zagaye sai wata ta ɗan rage sauri, ko ta tsaya gyaran mayafi, ta fita da murmushi. Khala tana tafe a hankali tana jan ƙafa, ko ta ina kiɗa ya tsaya sai ta tarar da kujera a gabanta babu kowa. Ni ma ko ta ina ya tsaya ina kan kujera, sai dai ni da gudu nake isa. A zagaye na uku na take wa wata matar ɗan kasuwa ƙafa. A na huɗu na bangaje abokiyar aikinmu sabuwar nan har ɗan kunnenta ya faɗi. Na ji dariyar mutane ta fara canja launi, amma na ɗauka sha'awa ce. Na hango matan layinmu suna yi mini alama da hannu, ƙasa-ƙasa, na ɗaga musu hannu ni ma.

Aka rage mu uku, ni da Hauwa da Khala, kujera biyu. Kafin a fara kiɗa Hauwa ta matso kamar za ta gyara mini ɗankwali, ta yi magana da Hausa a kunnena don kada sauran su ji.

“'Yar uwa, wannan zagayen ni zan fita. Na gaba ke ki fita. Na Khala ne, don ita aka shirya.”

Na dube ta sama da ƙasa. Na ce a raina, kin ji makira, so take in saki jiki. Na ce mata, “Kowa ta yi ta kanta, ya shekha.”

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, mandiri ya tashi. Da ya tsaya, ko yunƙurin zama ba ta yi ba, ta ja gefe ta tsaya. Na yi mamaki ƙwarai, amma maimakon in gane gaskiya ta faɗa mini, sai na ce tsorona ta ji.

Saura ni da Khala Zainaba, da baƙar kujera ɗaya a tsakiyar fili. Yara sun kewaye mu suna tafi suna kiran sunan Khala. Wata malama ta riga ta ɗauki ƙunshin nan ta riƙe, wata ta buɗe kwalbar ruwan wardi. Abla Su'ad tana bugawa a hankali, daidai da takun tsohuwa, idonta a kan ƙafafun Khala. Nawa idon yana kan kafaɗarta. Muka zagaya sau ɗaya, sau biyu. A na uku, Khala ta iso gaban kujera daidai, ni ina can bayanta, inda ko mahaukaci ya san ya faɗi. Kafaɗar dama ta ɗaga.

Ban san ina da wannan saurin ba, kuma gwiwoyin da ke kuka a matakala ban ji ɗuriyarsu ba. Na kama hannun kujera, na shawo kwana, na cusa jikina ta gefe na faɗa ciki tim. Khala kuwa ta riga ta juya baya ta fara sauka, tana murmushi, ba ta san an riga ta ba. Sai ji na yi tsohuwa ta sauka a cinyata. Kuma don kada a yi gardama daga baya, na ɗaga hannu biyu sama, da tsohuwar mutane a cinyata, na ƙwala da dukkan muryata:

“Fuzt! Na ci! Ni ce na fara zama!”

Tafi ya tsaya cak. Ban taɓa jin mata ɗari biyu sun yi shiru lokaci ɗaya ba sai ran nan. A cikin shirun ne na ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashina, ƙas, ƙas, sai ɓarrr. Saƙar ta yage gaba ɗaya. Na nutse cikin ramin katakon har sai da na kusa taɓa ƙasa, gwiwoyina suka taso suka gaisa da haɓata, tafin ƙafafuna suna kallon iyayen yara. Khala ta tafi za ta kife, Hauwa ta yi tsalle ɗaya ta cafe ta kamar jaririya, ta tsayar da ita a kan ƙafafunta.

“Ya Sattar!” in ji Mudira.

Wata yarinya ce ta fara fashewa da dariya, daga nan rumfar ta ɗauka. Wasu suna toshe baki da mayafi, wasu sun kwanta a kafaɗar na kusa da su. Na yunƙura in tashi, kujera ta taso tare da ni. Na koma. Malamai biyu suka riƙe ƙafafun kujerar, biyu suka ja hannuwana, na yi ƙara suka saki, don tsinken goran ya kama ni ta ko'ina. Iyaye suka kewaye ni kowa da shawararta. Wata ta ce a shafa man riɗi. Wata ta ce a kifa ni a bubbuga ta baya. Wata tsohuwa 'yar Yaman ta ce in fitar da numfashi duka in tsuke, kamar akwai sauran abin da ban tsuke ba. Daga cikin taron na ji muryar maƙwabciyata, da Hausa tsantsa, tana cewa, “Ai dai ta ce mana kujerar tata ce. Ga shi kuwa ta ƙi sakinta.”

A ƙarshe aka ce sai zarto. Zarto kuwa sai wurin bawwab, bawwab kuwa ba ya shigowa. Aka je aka ƙwanƙwasa masa, ya ce me za a yi da zarto a hafla? Aka ce wata ce ta maƙale. Ya ce a ina? Aka gaya masa. Ya ce wace ce? Aka gaya masa wannan ma (har yau ban yafe wa wadda ta faɗa ba). Ya tafi shagon kafinta ya aro, kuma ba shakka sai da ya yi wa kafinta bayani, kafinta ya yi wa mai shayi. Kafin zarto ya iso hannunmu, rabin Sharafiyya sun san halin da nake ciki.

Hauwa ce ta karɓa. Ta naɗe tob ɗinta, ta durƙusa a bayana, ta cire mayafinta ta rufa mini inda ya kamata a rufa, ta fara yanka a hankali. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta yi, da na samu wanda zan ji haushi. Ina naɗe kamar tabarma, hawaye na bin kumatuna, sai ga Khala Zainaba ta jawo ƙafa ta tsaya a kaina. Na rufe ido ina jiran abin da na cancanta. Ta sunkuyo ta share mini fuska da gefen gyalenta.

“Ya binti, da kin tambaye ni ai da na gaya miki. Saƙar nan ta ruɓe tun tuni. Shekara uku ke nan a kan katakon gefe nake zama.”

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Aka ba Khala kyautarta a tsaye, don kujerar da za a zaunar da ita a yayyafa mata ruwan wardi tana ƙasa gida biyu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ya fi dariyar, ya fi zarton. Mata ta yi shekara ashirin tana hidima, aka shirya mata minti biyar na girmamawa, na zo na zauna a kai.

Ban jira an watse ba na sa abaya na fice. Amma labari ya riga ni isa Bani Malik. Da na shiga, baban yara ya ɗauko koren matashin nan ya ajiye mini a kan tabarma, ya fita yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Na kuwa yi amfani da shi, don sati biyu ban iya zama a kan komai ba sai shi. Daga ranar sunana ya koma Ummu Kursi, wato uwar kujera. Ba a yi wata guda ba, wasu 'yan'uwa biyu suka yi rigima kan wa zai gaji shagon ubansu, na ji da kunnena wani dattijo yana ce musu, “Ku dai kada ku yi mana wasan kujeru a nan.” Ya hango ni ina wucewa, ya yi sauri ya kama gyaran rawani.

Da aka dawo daga hutu, Mudira ta kira ni ofis. A bakin ƙofa ga sabuwar kujerar ƙarfe, ga Hauwa a tsaye kusa da ita, tana ganina ta matsa ta ba ni hanya. Mudira ba ta yi faɗa ba. Ta ce ni ma'aikaciya ce mai ƙoƙari, ba ta da kamar ni a hawa na uku. Sannan ta cire tabarau ta ce, “Kin san sau nawa Khala Zainaba ke miƙewa a rana? Duk wadda ta zo ƙofar nan, uwa ce ko malama ko yarinyar da aka koro daga aji, sai ta tashi ta ba ta wuri. Mai tashi nake nema a ƙofata.”

Na ce na gode, na fito. Washegari na naɗo matashin a cikin jarida na kai wa Hauwa. Na so in yi dogon jawabi, abin da ya fito kawai shi ne, “Ga wannan, ƙarfe yana da zafi.” Ta karɓa ta juya shi ta ce, “Ma sha Allah, kamar an auna.” Na ce mata an auna. Muka kalli juna, sai a ranar ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar hafla, har tana dafa bango. Shekara tara na ƙara ina hawa matakala arba'in da biyu, kuma duk saukowar da zan yi, in ta hango ni sai ta miƙe ta ce, “Atfaddali, 'yar uwa, huta.” Nakan ce la wallah, ta ce wallahi, mu yi ta yi. Wani lokaci nakan zauna. A gefe.

Shi ya sa in jikokina suna kallon labarai suka ce ana wasan kujeru a wata ƙasa, manya suna ture juna, ba na sa baki a zagin. Na san abin da ke kan mutanen nan, na san yadda kiɗan ke toshe kunne. Tausayinsu nake ji, kaɗan dai. Abin da na koya bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in ka ga kowa yana rage sauri kai kaɗai kake gudu, tsaya ka tambaya me ake ciki. In kuma kujerar wani ta tsone maka ido, je ka gaishe shi tukuna, ka tambaye shi dalilin da ya sa yake zama a gefe.